Kafin ka sayi bindigar iska saboda barewar da ke cinye maka lambu

Wata Asabar a watan Yuni na fito bayan gida da bokitin ban ruwa, sai na tarar da fangali biyu na alayyafo an aske su tas, saura kara kawai a tsaye. Alayyafon nan tun watan Afrilu nake renonsa a bakin taga, domin sanyin Ingila ba ya barin a shuka shi a waje da wuri. Waken da ya fara hawa sanda shi ma an bi shi an tsinke ganyen da ke ƙasa. Da na durƙusa na duba, bakin kowane kara a yage yake ta gefe ɗaya, ba irin yankan zomo ba, wanda yake fita sumul kamar an sa reza. Barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, don haka takan danne ganye ne da dasashi ta fizge. A cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ga sawun kofato ƙanana da ba su wuce santimita 3 ba, ga kuma kashi baƙi mai sheƙi, kamar na ɗan akuya.

Mai wannan aiki ita ce ƙaramar barewar da Turawa ke kira muntjac. Duk wanda ya san gada a gida, in ya gan ta zai ce gada ce: tsayinta a kafaɗa kusan rabin mita, nauyinta tsakanin kilo 10 zuwa 18, tana tafiya da kai a sunkuye, da dare kuma tana haushi kamar kare. Asalinta daga Sin ne da Taiwan. An kawo ta gandun Woburn da ke Bedfordshire fiye da shekara 100 da suka wuce, daga nan ta kuɓuce ta bazu a kudanci da tsakiyar Ingila. Ba ta da lokacin haihuwa, duk shekara take yi, shi ya sa wanda ke zaune kusa da ɗan kurmi ko layin dogo a wannan yanki da wuya ya rabu da ita.

Abin da ya fara zo mini a rai, kamar yadda yake zo wa kusan kowa, shi ne bindigar iska. A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 18 yana iya sayenta ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfinta bai wuce 12 ba a ma'aunin da suke kira fut-fam, wato kusan jul 16. Na ɗauki mako biyu ina bincike da shiga shaguna, kuma ga abin da na fahimta game da nau'o'in uku da za ka tarar a kasuwa.

Akwai mai sifirin, wadda ake karya hancinta ko a ja wani ƙarfe a ƙarƙashinta kafin kowane harbi. Ba ta buƙatar komai sai ƙwayar dalma da ƙarfin hannunka, kuma in an kula da ita tana iya kaiwa ga jikoki. Weihrauch ta Jamus da Air Arms ta Ingila su ne ake yabo a wannan fanni, musamman HW97 da TX200, sai Gamo ta Sifaniya ga mai ƙaramin aljihu. Aibinta shi ne tana zabura a hannu lokacin harbi, sai mutum ya daɗe yana gwaji kafin ya iya saita ta, ga nauyi. Akwai kuma wadda ake ɗura wa iska a cikin silinda, ana kiranta PCP. Ba ta zabura, ba ta da ƙara sosai in an sa mata abin rage sauti, kuma sabon shiga ma yakan sami saiti da ita cikin 'yan kwanaki. Sai dai kuɗinta ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma dole ka haɗa da famfon hannu ko tulun iska irin na masu nutso a teku, wanda shi ma ana kai shi gwaji lokaci-lokaci. Ta uku mai amfani da ƙaramin kwalabar iskar CO2, kamar Crosman 2250, arha ce kuma marar nauyi, amma da sanyi ya shigo ƙarfinta sai ya faɗi, a ƙasar da rabin shekara sanyi ne. A wajen girman ƙwaya, wanda ake aunawa da inci, .177 ta fi tafiya a miƙe, .22 ta fi nauyi amma tana saurin sunkuyawa in nisa ya ƙaru.

Duk wannan bayani ya tashi a banza in barewa ce damuwarka, domin babu ɗaya daga cikinsu da doka ta yarda ka harbi barewa da ita. Dokar barewa ta 1991, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ambaci bindigar iska da sunanta a cikin makaman da aka haramta. Ga muntjac, mafi ƙarancin abin da aka amince da shi shi ne bindiga mai albarushi, mai baki .220, da ƙarfin fut-fam 1,000. Ga manyan bareyi kuwa sai .240 da fut-fam 1,700. Ka ajiye 12 kusa da 1,000 ka gani: tazarar ta haura ninki 80. Harbin dare ma haramun ne, daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta, wanda kuwa shi ne lokacin da take shigowa lambu. A Sikotland tun ƙarshen 2016 mallakar bindigar iska kanta sai da takardar izini daga 'yan sanda.

Bidiyoyin YouTube ne suke ruɗa mutane a nan. Za ka ga Ba'amurke ya kayar da ƙatuwar barewa da bindigar iska, sai ka ɗauka abu ɗaya ne da wadda ke rataye a shagon unguwarku. Ba haka ba ne. Wasu jihohin Amurka, irin su Texas, sun halatta farauta da manyan bindigogin iska masu baki .30 zuwa sama, masu ƙarfin da ya haura fut-fam 200, a lokacin farauta kuma da lasisi. Wannan wata duniya ce daban, kuma ko a can ba a tsakiyar gidajen mutane ake yi ba.

Mutane da yawa sukan ce ai ba kashe ta za su yi ba, so suke kawai su ɗan ɗana mata a cinya ta ji zafi ta daina zuwa. Wannan magana ita ta fi damuna, don ni ma na yi ta a zuciyata. Ƙwayar dalma mai fut-fam 12 tana huda fata ta zauna a cikin nama. Dabbar za ta gudu cikin kurmi, wurin ya kumbura ya yi ruwa, ta yi makonni tana ɗingishi kafin ta warke ko ta mutu a inda ba ka gani. In ta juya kai daidai lokacin da ka danna kunama, ido ne zai tafi ko muƙamuƙi, daga nan kuma ba za ta iya kiwo ba. Tun muna makarantar dare aka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jifa da tsakuwa, ya ce ba ta kama abin farauta, ba ta kuma illata maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Ban taɓa ganin abin da ya dace da wannan siffa kamar bindigar iska a kan barewa ba. Bayan haka, wadda ka jikkata ba za ta kai wa 'yan uwanta labari ba. Wata ce za ta maye gurbinta cikin ɗan lokaci, tunda alayyafon yana nan.

Sannan ga batun maƙwabta. In ƙwaya ɗaya ta tsallake iyakar gidanka ta faɗa gidan wani ba da izininsa ba, laifi ne a doka, ko ba ta taɓa kowa ba. Bayan gida a Ingila kuwa katako ne siriri ya raba ka da yaran maƙwabci.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? Shinge. A nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya yi lissafi sosai, domin ba kowane shinge ne ke tare barewa ba, kuma yawancin asarar da na ga mutane sun yi a nan suka yi ta. Tsayin da ake ba da shawara ga muntjac da barewar roe shi ne mita 1.5, ga manya kamar fallow da jar barewa kuma mita 1.8. Wannan bai saɓa wa dokar gini ba, tunda a Ingila ana iya yin shingen da bai wuce mita 2 ba babu neman izini, sai dai in yana bakin titi ne, inda iyakar ta dawo mita 1. Amma ga muntjac tsayi ba shi ne kan gaba ba. Ita ba gwanar tsalle ba ce kamar sauran, gwanar kutsawa ce. Takan sa hanci a ƙasan waya ta ɗaga, ta ja ciki ta wuce ta wurin da za ka rantse kyanwa ce kawai za ta iya bi. Shi ya sa ramukan ragar bai kamata su wuce milimita 75 ba, kuma dole a ɗaure gindinta da ƙasa.

Raga iri biyu ce za ka zaɓa a ciki. Ta roba baƙa tana da arha, ba nauyi, mutum ɗaya zai iya kafa ta da rana ɗaya, daga nesa kuma ba a ganinta sosai, wanda hakan ke rage ƙorafin maƙwabta. Ita na fara saya. Ta yi mini wata biyu lafiya, sai wata safiya na ga rami a ƙasanta mai faɗin faranti: zomo ne ya fara gaigaye ta, barewa ta zo ta ƙarasa. Ta ƙarfe mai rufin da ke hana tsatsa ta fi tsada, tana son turaku masu ƙarfi da aka yi wa maganin ruɓa, kowane mita 2 zuwa 3, da kuma wanda zai taya ka ja. Amma ita ce ba a gaigayewa. Ga mai ƙaramin aljihu, hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a haɗa su: wayar zomo ta ƙarfe mai ramuka milimita 31 a ƙasa, a lanƙwasa santimita 15 na gindinta zuwa waje a kwantar a kan ƙasa, a danne da ƙusoshin ƙasa ko a rufe da ciyawa, sannan a ɗora ta roba a sama har tsayin ya cika. Dabbar da ta zo tona sai ta tarar tana tsaye ne a kan wayar da take son ɗagawa. Ka ja ragar ta yi tsam, don sako-sakon raga yana sarƙe ƙaho da ƙafa, ka wayi gari da dabba a maƙale tana kuka.

In lambun naka babba ne kuma kewaye shi duka ya fi ƙarfinka, kada ka raba kuɗin ka yi gajeren shinge a ko'ina. Ka kewaye inda kayan miya suke kawai, ka yi musu keji mai ƙofa. 'Ya'yan itatuwa kuma ka sa wa kowanne bututun kariya, mita 1.2 ya isa ga muntjac da roe, don namiji yakan goge ƙahonsa a jikin ƙaramin itace har ya saɓule ɓawon ya kashe shi.

Sauran kayan da ake tallatawa ba sa buƙatar dogon bayani. Wayar lantarki tana aiki a gona, amma a bayan gida mai yara da kyanwar maƙwabta ba na ba da shawararta, ga shi sai an riƙa yanke ciyawar ƙarƙashinta kullum. Na'urar da ke fesa ruwa in ta ga motsi tana da amfani da bazara, kuma ita ce mafi dama-dama a cikin masu tsoratarwa, in kana canza mata wuri duk 'yan kwanaki, sai dai da hunturu dole ka cire ta kada ƙanƙara ta fasa ta. Masu fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, da fitila mai walƙiya, da sabulu ko gashin aski da ake ratayewa, duk barewa takan saba da su. Maganin fesawa a ganye, irin su Grazers, yana rage ɓarna, amma sai an riƙa maimaitawa, musamman a kan sabon toho. Shuka ma tana taimakawa kaɗan: albasa da tafarnuwa ba ta cika kula su ba, don haka su za su iya zama a wajen keji, wake da latas da alayyafo da furen wardi kuwa su ne take nema. Mai babban fili a ƙauye yana iya kiran maharbin barewa mai takardar horo da lasisi da inshora, ƙungiyoyi irin su British Deer Society mai kula da harkar barewa da ƙungiyar maharba ta BASC suna da bayani a kan haka. A ƙaramin gida cikin unguwa da wuya mai hankali ya yarda ya yi harbi.

Wannan ba ya nufin bindigar iska ba ta da wuri a lambu. In ɓeraye ne suka addabi wurin takinka, ko zomaye, ko kuregen nan mai ruwan toka, to aikinta ke nan, doka kuma ta yarda a filinka ko inda aka ba ka izini. A nan zan ce wanda zai yi harbi jefi-jefi kuma yana da haƙurin koyo ya ɗauki mai sifirin daga kamfani mai suna, ko da ta hannu ce. Wanda ke da kuɗi kuma yake son saiti da wuri ya ɗauki PCP. Kowacce ka saya, shago zai miƙa maka ita ne hannu da hannu bayan ya ga katin shaidarka, ba a aiko ta ta gidan waya. Ka tanadi wurin kulle ta inda yara ba za su kai ba, ka sa abin da zai tare ƙwaya a bayan abin da kake harbi, kuma kada ka nufi mai rai sai ka iya tara harbinka a wurin da bai fi girman kwabo ba daga nisan da za ka tsaya.

Ni dai ban saya ba. Kuɗin ya tafi ga wayar ƙarfe da turaku, muka kafa ni da babban ɗana a ƙarshen mako biyu. Bayan kwana goma na sake ganin sawun nan a cikin keji, na bi shinge taku-taku ban ga rami ba, sai da na zo ƙofa: tsakanin ƙasanta da ƙasa akwai tazarar da tafin hannuna ya shige a tsaye. Na kwantar da falankin siminti a wurin, na ƙara waya a gindin ƙofar. Alayyafon da na sake shukawa a ƙarshen Yuli mun ci shi har tsakiyar Satumba.