Gargaɗi ga masu sayen garma, haro da rotabeta a Jos: ku duba garantin kafin ku tura kuɗi

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne daga masu gyaran tarakta da kayan da ake ɗaura mata a Jos da kewaye, zuwa ga manoma, masu ba da hayar tarakta da shugabannin ƙungiyoyin manoma daga Jengre har Mangu, Bokkos da Shendam.

Duk lokacin da damina ta ƙarato, kafin ruwan fari na watan Afrilu, wasu dillalai kan cika Facebook da zaurukan WhatsApp da hotunan garma mai faifai, haro mai farfasa ƙasa, rija mai tayar da kunya da rotabeta mai niƙa ƙasa da wuƙaƙe masu juyawa, duka suna sheƙi da sabon fenti. Labarinsu kusan iri ɗaya ne. Ko dai su ce ragowar kayan wani shirin tallafin gwamnati ne da aka fitar a asirce, ko su ce wani kamfani ne ke kwashe kayansa zai bar ƙasa. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, ga kuma abin da ke kashe wa mutane jiki: garanti na shekara biyu. Sai a ce maka saura guda biyu kawai, wani Alhaji ma yana hanya, ka tura kafin alƙalami yanzu. Asusun da za a ba ka na mutum ne, ba na kamfani ba.

Wasunsu daga nan suke ɓacewa, kuma wannan tsohuwar damfara ce da kowa ya sani. Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne masu kawo kayan da gaske. Za su kawo maka tsohon ƙarfe da aka yi wa kwalliya, su haɗa maka da takarda mai tambari, kuma su miƙa maka injin a yanayin da tun ranar farko ya riga ya saɓa wa sharuɗɗan da su da kansu suka rubuta a takardar. In ya karye, laifinka ne a rubuce.

Ga yadda abin yake. Garantin gaske na kayan tarakta yawanci wata shida ne zuwa shekara ɗaya, kuma abin da ya ɗauka shi ne aibin ƙira: ƙarfen da ya tsage ba tare da an wahalar da shi ba, waldar masana'anta da ta saki, haƙorin giya da aka yanka ba daidai ba. Ba ya ɗaukar abin da aiki ke cinyewa, wato faifai, wuƙaƙen rotabeta, tiyo, sil mai hana mai yoyo, sau da yawa har da boris, wato abin da faifai ko shaf ke juyawa a kansa. Yana mutuwa idan wanda ba wakilin kamfani ba ya yi wa injin walda, ko aka ɗaura shi a taraktar da ta fi ƙarfinsa, ko aka tafiyar da giyabos babu mai. Takardarsa tana ɗauke da lambar siriyal ɗin injin, ranar sayarwa, sunan masana'anta da adireshin wakilinta. Ta 'yan damfara kuwa ba ta da lambar siriyal ko kaɗan, ko kuma lambar ba ta yi daidai da ta jikin injin ba. "Garanti a kan komai da komai" za ka gani da manyan haruffa, can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an ce ban da duk abin da ya faru saboda dutse, kututture ko kuskuren direba. A ƙasar Filato, inda da wuya ka yi kunya goma garma ba ta ci karo da dutse ko marmara ba, wannan layin shi kaɗai ya shafe takardar.

Mu zo kan abin da suke taɓawa a jikin injin, don nan ne asarar kuɗi ke haɗuwa da asarar rai.

Rotabeta da injin yankan ciyawa da duk abin da shaf ɗin PTO, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin tarakta zuwa injin da aka ɗaura mata, ke juyawa ana ƙera su da wuri guda mai rauni da gangan. A wasu noti ne guda ɗaya da aka yi shi don ya katse idan wuƙa ta daki dutse, a wasu kuma kuloci ne mai faifan goga da sifirin, wanda ke zamewa in nauyi ya yi yawa. Aikinsu su mutu a madadin giyabos. Masu wannan harka kan cire notin asali su sa mai tauri, irin wanda aka buga wa 10.9 ko 12.9 a ka, ko su ɗaure sifirin ɗin kulocin har ƙarshe, wani lokaci ma su liƙe shi da walda. Dalilinsu shi ne kada injin ya tsaya a gaban mai saye ranar gwaji. To ranar da wuƙa ta sami dutse a gonar dankali a Bokkos, ƙarfin da ya kamata ya tsinka notin da bai kai kuɗin buhun taki ba zai wuce kai tsaye ya kakkarya haƙoran giya, ko ya murɗe shaf, ko ya shiga cikin taraktar ya lalata PTO ɗinta. Ka kira su, sai su ce ai an sa notin da ba na kamfani ba, garanti ya faɗi. Su kuwa suka sa shi.

Kulocin ma ko na kirki ne yana son kulawa. In injin ya kwana a waje damina guda, tsatsa kan manne faifan. Kafin fara aiki a sassauta notocin sifirin, a kunna PTO a bar shi ya zame na 'yan daƙiƙu, sannan a mayar da ɗaurin daidai tsawon sifirin da littafin injin ya faɗa. Wannan na nufin dole ne a ba ka littafin. Mai sayar da sabon inji da ba shi da littafinsa ya riga ya gaya maka ko wane ne shi.

Sai shaf ɗin kansa. Yawancin taraktocin da ke aiki a nan, irin su Massey Ferguson 375, suna juya PTO sau 540 a minti, da kai mai tsaga shida. Wato sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. Babu wanda ya isa ya fizge hannun riga kafin ya naɗe shi. Shi ya sa shaf na gaske ke zuwa cikin rigar roba daga wannan kai zuwa wancan, da 'yar sarƙa da ake maƙalawa don kada robar ta juya tare da ƙarfen. Kayan waɗannan mutane tsirara suke zuwa, in ka tambaya su ce robar ado ce kawai. A garin da direba ke fita gona da asuba cikin jibgegiyar rigar sanyi da mayafi naɗe a wuya, ko mai gona ya zo duba aiki da babbar riga, shaf tsirara ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Kada a karɓa, ko da kyauta ne.

Tsawon shaf ma ana auna shi ne a kan taraktarka, ba a sayo shi a jona kawai ba. Bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. A inda injin ya fi kusa da tarakta dole a sami ragowar wuri na aƙalla santimita biyu da rabi, in ba haka ba ɗaga injin zai tura shaf ɗin ya fasa giyabos ko bayan taraktar. A inda ya fi nisa kuma bututun su kasance a cikin juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, kada su zare suna juyawa. Dillalin kirki yakan turo makanikensa ya yanka shi a gabanka. Na bogi kuwa a bakin titi zai sauke maka kaya ya yi gaba.

Gane tsohon kaya ba wuya, in dai an je da tef na awo da sifana, ba da ido kaɗai ba. Faifan garma da aka fi sani inci 26 ne, kaurinsa kimanin milimita shida. Auna shi. In ka sami inci 23 ko 24 da baki mai ƙyalli, tsohon faifai ne aka wasa da injin gurza. Kama faifan da hannu biyu ka girgiza, in ya yi lilo boris ya tafi. Cire fin ɗin da ake ɗaura injin da shi a tarakta ka leƙa ramin: na sabon inji zagayayye ne, na wanda ya sha aiki ya koma kamar ƙwai. Kankare fenti kaɗan da maɓalli a kusurwar firam, musamman inda ƙafar faifai ta haɗu da babban ƙarfe, za ka ga tsohuwar tsaga da aka cike da walda aka shafe, ko ramukan tsatsa a ƙarƙashin fentin. Farantin da ke ɗauke da lambar siriyal kuma yawanci ƙarfe ne da aka kafe da ƙusoshi tun daga masana'anta. Takardar manne mai sunan wani kamfanin Indiya ko Turkiyya kowa na iya buga ta a shagon buga katin biki.

A rotabeta, kwance notin zuba mai na giyabos ka tsoma tsinke. Mai da ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. Mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe haƙora ne ke cin juna. In kuwa giris ka tarar an cusa maimakon man giya, an yi haka ne don a danne ƙara, kuma a ɓoye sil da ke yoyo. Akwai masana'antun da ke turo giyabos babu mai a ciki, wannan ba laifi ba ne, amma wajibin mai sayarwa ne ya gaya maka, a zuba man giya irin wanda littafin ya ce, galibi mai lamba 90 ko 140, sannan a sauya shi bayan awa 50 na farko. 'Yan damfarar ba sa faɗa, kuma giyabos busasshe ba ya kai yamma.

Wani wurin da suke cutar mutane shi ne girma. Za su tura maka garma mai faifai huɗu ko rotabeta mai faɗin ƙafa bakwai su ce kowace tarakta na ja. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma injin tarakta da ba shi da tarbo, wato na'urar da ke ƙara masa iska, yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a irin wannan tsayi, don iskar ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Taraktar da aka rubuta wa ƙarfin doki 75 ba 75 take bayarwa a Barikin Ladi ba, balle wadda ta tsufa. Haka kuma fin ɗin ɗauri kala-kala ne: na ƙananan taraktoci milimita 22 ne a hannayen ƙasa da 19 a na sama, na matsakaita kuma 28 da 25. In ba su yi daidai ba akwai zoben ƙarfe da ake sawa ya cike gurbin. Cusa kowane noti a ɗaure da waya shi ke sa garma ta kuɓuce a kan kwalta. Inji mai nauyi fiye da kima kuma yana ɗage gaban tarakta, sitiyari ya daina ji. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tarakta ya kamata ya zauna a kan tayoyin gaba, in bai kai ba a ƙara ƙarafan nauyi. A gangaren Filato, ko a gefen tsofaffin ramukan kuza inda ake noman rani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Direbobi, ku ma da naku. In ciyawa ko waya ta naɗe wuƙaƙe, a kashe PTO, a sauke injin ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe tarakta, a zare maɓalli a sa a aljihu, sannan a sa hannu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin injin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, a tokare shi da katako mai kauri. Tiyon haidirolik yana ɗauke da matsin da ya kusa ko ya kai 200 a ma'aunin matsi na "bar", kuma ɗan ramin da ido ba ya gani yana iya harba mai ya shige cikin fata. A nemi yoyo da guntun kwali, ba da yatsa ba, wanda kuma man ya huda a kai shi asibiti nan take ko da ciwon bai nuna komai ba. A kashe PTO kafin a ɗaga inji sama a ƙarshen kunya, don kuros ɗin shaf, wato gaɓar da yake lanƙwasawa, ba ya jure juyawa in ya lanƙwashe sosai. Murfin bayan rotabeta ya zauna a ƙasa, yara da masu tsintar dankali su yi nisa, dutse yake jifa. Ja kuma daga ƙarfen ja na ƙasa kawai ake yi. Wanda ya ɗaura sarƙa a fin ɗin sama don tuge kututture, taraktar na iya kifewa ta baya kafin ƙafarsa ta kai kan kuloci.

Kafin kuɗi ya fita, a nemi sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma sunan asusun banki ya zama shi ne na kan rasit. A ɗauki hoton farantin siriyal a tura wa masana'antar ko babban wakilinta ta lambar da ke shafinsu, ba wadda dillalin ya bayar ba, a tambaya ko sun san injin da mai sayar da shi. A tambayi dillalin ko cibiyar NCAM ta Ilorin, mai gwada kayan aikin gona, ta taɓa gwada irin wannan inji, ya kawo takardar. A je da makanike naka, ba nasu ba, a ɗaura injin a taraktarka a yi aƙalla awa guda a gona ta gaske. In sun ce sai an biya kafin a gwada, ciniki ya ƙare.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsu, ya dakatar da aiki da injin, kuma kada ya kai shi wajen mai walda tukuna, don gyaran farko shi ne hujjar da za su kafa a kansa. Ya ɗauki hoton wurin da ya karye tun injin na ɗaure a tarakta, ya adana guntayen ƙarfen da notin da aka tarar a shaf, da rasit, da saƙon banki, da duk hirar WhatsApp har da ta murya, kafin su goge. Ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. In ƙungiya ce ta haɗa kuɗin, shugaba da ma'aji su sa hannu a koken tare, a haɗa da sunayen sauran waɗanda dillalin ya sayar wa irin kayan a yankin.