Yafe kuɗin makaranta, alawus ko rance: wanne ya fi dacewa da ɗalibi marar ƙarfi?

Idan takardun tallafi biyu suka zo hannun ɗalibi, ido kan tafi ne ga wadda adadinta ya fi tsoka. Amma abin dubawa shi ne nawa zai rage a wuyanka. Jera kuɗin makaranta, masauki, abinci, littattafai, kuɗin mota da inshorar lafiya na shekara guda, ka cire abin da aka yi maka alkawari a rubuce. Ragowar ita za ka gwada tsakanin jami'o'in.

A nan ne yafe kuɗin makaranta ke ruɗin mutane. Sau da yawa ana kiransa "cikakken tallafi", alhali kuɗin karatu kaɗai ya ɗauke. Wanda zai riƙa zuwa aji daga gidan iyayensa, wannan ya ishe shi. Wanda kuwa zai kama ɗaki a wani gari, haya da ciyarwa ne za su sha masa kai tun shekara ba ta raba ba. Tallafin da ya haɗa komai, irin na Gidauniyar Mastercard da aka fara a 2012, yana biyan makaranta, masauki da littattafai, sai dai ta hannun jami'o'in da ke haɗin gwiwa da gidauniyar ake nemansa, kuma gurabensa kaɗan ne. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne, mai neman na farko kada ya wahalar da kansa.

Tallafin hazaƙa yana zuwa da sharaɗin maki. Ka tambaya: kowane zango ake duba sakamako ko sai ƙarshen shekara? Idan maki ya faɗi, akwai zangon gargaɗi, ko nan take ake yankewa? Wanda ake bayarwa bisa ƙarfin gida ya fi kwanciyar hankali, jami'ar Harvard ta Amurka ma irinsa kaɗai take bai wa masu digiri na farko, amma yana cin takardu: shaidar samun iyaye, bayanan asusun banki, yawan waɗanda ake ɗauke da nauyinsu, kuma galibi duk shekara sai an sabunta. Ɗan manomi ko mai sana'ar hannu, wanda iyayensa ba su da takardar albashi, ya tambayi ofishin tallafi tun da wuri me suke karɓa a madadinta. Harafi ɗaya da ya bambanta a suna tsakanin takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa yana iya tsayar da fayil har wa'adi ya wuce.

Sai ranar biya, wadda ba kasafai ake tambaya ba. Alawus yakan shigo bayan an kammala rajista, kuɗin kama ɗaki kuwa tun kafin a buɗe makaranta ake nema. Ka kuma bincika ko jami'ar tana rage nata tallafin idan ka samo wani daga waje. Wasu suna yi.

Aikin wucin gadi ciko ne kawai. A Amurka da Birtaniya bizar ɗalibin digiri ba ta yarda a wuce awa 20 a mako lokacin karatu ba. Rance kuwa a bar shi na ƙarshe, a ci iya giɓin da ya rage. Kafin sa hannu, a duba ko kuɗin ruwa na fara hawa tun ranar karɓa ko sai bayan kammalawa, da kuma wanda za a bi bashin idan ɗalibi ya bar karatu bai gama ba.