Saura kaɗan in sayi turbo a banza: sharhi kan sabon bawul ɗin da na saka wa Golf ɗina

Golf 5 GTI ce, ƙirar 2007, 'yar Kwatano, mai injin 2.0 TFSI. A hanyar Zariya na fara gane da matsala: na fito zan wuce tirela, na taka totur har ƙasa, mota sai gurnani, ba ja. Da aka sa mata kwamfuta sai ta nuna P0299, wato iskar turbo, na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska, ba ta kai yadda ake so ba. Makanikin farko ko ƙarƙashinta bai leƙa ba ya ce turbo ya mutu.

Na biyun ne ya ce, "Alhaji, kafin ka zubar da kuɗi bari mu duba bawul." Nufinsa diverter valve, wanda Volkswagen ke kira N249. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar iska kan rufe alhali turbo na ci gaba da hurawa, sai wannan bawul ya buɗe ya mayar da iskar bakin turbo. In ya fara yoyo kuwa, lokacin da kake neman ƙarfi ne iskar ke zurarewa.

A jikin turbo yake, ta ƙasa ake kai masa hannu, ƙusoshi uku da soket ɗin wuta ɗaya. Ƙusa ta ukun ta ɓuya sosai, sai da yaron gareji ya kuje hannu kafin ta fito. Oga, wato makanikin na biyu, ya ɗaga robar da ke kan bawul ɗin ya haska ta da fitilar waya, ga tsaga nan kamar an ja reza. Ban ga laifinta ba, roba ce, ta sha shekaru da zafin inji ga na Kano. Ya nuna mini yadda ake gwada na tsohon injin 1.8T ma, mai aiki da zuƙar iska: ka tura fistin ciki, ka toshe ɗan bakin tiyo da yatsa, in ya tsaya lafiya lau, in ya dawo ya tashi aiki.

Sabon da na saya mai fistin ne, lambarsa 06H 145 710 D, babu robar da za ta yage. Wata huɗu ke nan, ƙarfin ya dawo, P0299 ɗin ba ta sake fitowa ba. Masu son ƙarar "fiishh" su haƙura, shiru yake aikinsa tunda iskar ba waje take fita ba.

Abin da ya ba ni wahala shi ne samun na gaske. Biyu aka miƙo mini a kasuwa, kwali iri ɗaya, kuɗi ya bambanta nesa ba kusa ba. Oga ya danna fistin kowanne da babban yatsa, na arhar yana cijewa kafin ya dawo. Tun ranar, duk juyen mai sai na sa ya duba tiyoyin turbo da soket ɗin, don ya ce tiyo mai tsaga ma P0299 ɗin yake kawowa.