OpenRailwayMap: taswirar da ke nuna inda dogo ya bi, har da wanda aka tone

Duk wanda ya taɓa mamakin abin da ya dasa wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar fili, babu kogi kusa, babu tsohuwar hanyar fatauci, to ya fara duba ko layin dogo ya taɓa ratsa wurin. Don irin wannan binciken, shafin openrailwaymap.org na cikin kayan aikin da suka fi amfani, kuma kyauta ne, ba a buƙatar rajista. Ya samo asali ne daga Jamus, yana ɗauko bayanansa daga OpenStreetMap, wato taswirar duniya da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004. Abin da yake yi shi ne ya dusashe tituna da gidaje, ya fito da dogo fili da launuka. Ya ƙware wajen nuna inda dogo yake da kuma irinsa. Idan aka zo kan yaushe aka shimfiɗa shi da dalilin mutuwarsa kuwa, bakinsa a rufe yake.

Shafin yana da fuskoki biyar da ake zaɓa a gefe: ta tsarin layuka, ta iyakar gudu, ta sigina, ta lantarki, da ta faɗin dogo. Mai binciken tarihin gari biyu kawai zai riƙe, ta farko da ta ƙarshe. Sauran ukun na ma'aikatan reluwe ne da masu sha'awar injuna, kuma a wajen Turai galibi rabinsu fanko ne. A fuskar farko babban layi yana fitowa da ruwan lemo, reshe da rawaya, layin jirage masu gudun gaske da ja. Layukan da suka daina aiki ana zana su a tsittsinke da launi mai duhu, kuma ba sa bayyana sai an zuƙo taswirar sosai. Nan ne sabon shiga yake fara yin kuskure: ya kalli yanki daga nesa, ya ga babu komai, ya rufe shafin, alhali da ya ƙara zuƙowa sau biyu ko uku da tsohon layin ya fito.

A gwada shi a lardin Saskatchewan na Kanada, a bi babban layin da ya tashi daga Melville ya nufi yamma zuwa Saskatoon. Za a ci karo da Fenwood, Goodeve, Hubbard, Ituna, Jasmin, Kelliher, Leross, can gaba kuma Punnichy, Quinton, Raymore, Semans, har a kai Watrous, Xena, Young, Zelma, sannan a sake komawa farko da Allan, Bradwell, Clavet. Haruffan farkon sunayen suna bin jerin abacada ne, domin kamfanin Grand Trunk Pacific ne ya raɗa su a farkon ƙarni na 20, tun kafin mazauna su iso. Ba gari ne ya jawo jirgi ba, jirgin ne ya haifi garin. Tazarar da ke tsakaninsu ma da gangan ce, kilomita goma da ɗoriya daga wannan zuwa wancan, daidai yadda manomi zai kai alkama rumbun tasha a keken doki ya koma gida kafin dare. Melville da Watrous sun fi maƙwabtansu girma saboda a nan ake sauya kan jirgi da ma'aikata, kusan duk bayan kilomita 200, kuma taswirar tana nuna haka ƙarara: a ƙananan tasoshi ɗan layin ratse ɗaya za a gani a gefen babban dogo, a Melville kuwa layuka ne reras a jere. Yawan layukan da ke cikin harabar tasha shi ne ma'aunin farko na matsayin gari a idon kamfani. Xena kuma yau babu gari, suna ne ya rage a bakin dogo. A wannan fanni shafin ya cancanci yabo, domin a minti goma mutum zai ga tsarin da littafi zai ci shafi ashirin yana bayyanawa.

Dole a fahimci kalmomi uku da masu zanen suke liƙa wa mataccen layi, don kowace da ma'anarta. Idan an rubuta railway=disused, ƙarfen yana nan a shimfiɗe, jirgi ne kawai ya daina bi. Idan railway=abandoned ne, an kwashe ƙarfen amma gurbin yana nan, ana ganin tudun da aka cike ko ramin da aka yanka a jikin tsauni, wani lokaci har da ƙafafun gada. Shi kuwa railway=razed, ko gurbin babu, an yi gini ko noma a kai. Wannan na ukun shi ne mafi rauni. Ƙa'idar OpenStreetMap ita ce a zana abin da ke ƙasa a yau, saboda haka masu zanen sun daɗe suna jayayya a kansa: wani ya zana, wani ya zo ya goge. Sakamakon shi ne layi ya tafi sumul cikin karkara, ya ɓace daidai bakin gari, ya sake ɓullowa a ɗaya gefen. Ba wai jirgin ya kewaye garin ba ne. Gidaje ne suka hau kan gurbin, kuma sau da yawa tsohuwar tashar tana cikin wannan giɓin.

Inda 'yan sa-kai suka yi yawa, aikin ya yi kyau ƙwarai. A Birtaniya, rahoton 1963 na Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa a lokacin, ya ba da shawarar rufe tasoshi 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000 ko kusa da haka, kuma mafi yawan abin da aka rufe rassan karkara ne. A shafin nan ana ganin gurabensu kamar jijiyoyin ganye, da dama sun koma hanyar keke ko ta masu tafiya a ƙasa. Jamus ta fi ko'ina cika, har sigina ɗai-ɗai an saka. Amma a sassa masu yawa na Afirka, Asiya da Kudancin Amurka, an zana layin ne daga hoton tauraron ɗan'adam, ba wanda ya taka wurin. Irin wannan layin zai iya fitowa da launin mai aiki alhali ciyawa ta rufe shi shekaru da yawa, domin daga sama ƙarfe mai tsatsa da mai ƙyalli duk ɗaya ne. Tasha kuma ta fito babu suna, ko da sunan garin da ya fi kusa maimakon sunan da reluwe ta ba ta. Don haka rashin ganin abu a taswirar ba hujja ba ce cewa bai taɓa wanzuwa ba, ganinsa da ruwan lemo kuma ba tabbaci ba ne cewa jirgi na bi.

Fuskar faɗin dogo tana ba kowane faɗi launinsa: milimita 1435 da aka fi amfani da shi a duniya, 1067 da 1000 na ƙananan layuka, 1520 na Rasha da maƙwabtanta, 1600 na Ayalan da wasu sassan Ostareliya, 1676 na Indiya. Amfaninta ga tarihin gari babba ne, domin duk inda faɗi biyu suka haɗu sai an sauke kaya daga wannan tarago an ɗora a wancan, kuma wannan aikin kaɗai yana iya riƙe gari. Sai dai faɗin yau kawai take nunawa. Garin Terowie a Kudancin Ostareliya misali ne. Tun farkon shekarun 1880 a nan dogo mai faɗin 1600 daga Adelaide yake ƙarewa, mai 1067 ya ɗauka zuwa arewa. Sauke kaya da ɗora kaya ya tara mutane har kusan 2,000 a lokacin da garin yake tashe, kuma a dandamalin tasharsa ne Janar Douglas MacArthur na sojan Amurka ya yi wa 'yan jarida alkawarin komawa Filifin a watan Maris na 1942. A 1970 aka miƙa faffaɗan dogon zuwa Peterborough, aikin ya ƙare, daga baya ma aka kwashe ƙarfen, yau mazauna ba su kai 200 ba. Duk wannan babu ko ɗaya a taswirar. Tsittsinkakken layi ne ya ratsa ɗan gari, shi ke nan. Haka tsohon layin da ya bi ta Marree da Oodnadatta zuwa Alice Springs, wanda aka bari a 1980 bayan an buɗe sabo daga Tarcoola can yamma, nesa da wuraren da ambaliya take yawan yanke tsohon. Shafin zai nuna layukan biyu gefe da gefe, amma ba zai ce wanne ya gaji wanne ba.

Wannan shi ne babban giɓinsa: babu shekara. Akwai alamar start_date, wato ranar farawa, da mai zane zai iya sakawa, amma kaɗan ne suke damuwa da ita. Don ganin duk abin da aka rubuta game da wani layi, a buɗe wurin a openstreetmap.org, a zuƙo sosai, a danna maɓallin da ke da alamar tambaya a gefen dama, sannan a danna kan layin. Jerin abubuwan da ke kusa zai fito, har da layin da babbar taswirar ba ta zana ba. A yi hattara da wurin da aka rubuta tarihi a ƙasan jerin alamun. Tarihin gyare-gyaren masu zane ne. Idan ya nuna 2009, shekarar da wani ya fara zana layin a kwamfuta ke nan, ba shekarar da leburori suka shimfiɗa shi ba.

Giɓi na biyu shi ne tudu da kwari. Shafin a shafe yake nuna ƙasa, alhali jirgin ƙasa ba ya son hawa, kuma wannan ƙiyayyar ce take yanke inda tasha za ta zauna. Layin Settle zuwa Carlisle a arewacin Ingila, wanda aka buɗe wa fasinja a 1876, an gina shi ne kada hawansa ya wuce mita 1 a cikin kowace mita 100. Shi ya sa tashar Dent take can bisa tsauni, kimanin mita 350 sama da teku, sama da kilomita 6 daga ƙauyen da ta ci sunansa. Wanda ya kalli wannan a OpenRailwayMap kaɗai zai ɗauka kuskuren mai zane ne. Maganin shi ne a buɗe OpenTopoMap, taswirar da ke nuna tsayin ƙasa, a wani shafi, a jera su, a ga yadda dogon yake rungumar gefen tsauni yayin da ƙauyen yake kwance a ƙasan kwari. Idan layi ya yi wani lanƙwasa da ba a ga dalilinsa ba, kusan kullum amsar tana cikin layukan tsayin ƙasa.

Akwai ƙananan abubuwa masu ban haushi. Sunayen tasoshi suna fitowa da rubutun ƙasarsu, don haka a Rasha ko Sin sai wanda ya iya karatun. Akwatin nema yana gane sunan tasha da lambarta, amma ba ya yafe kuskuren harafi. Lambobin nisa da ke bakin layi a wasu ƙasashe kilomita ne, a wasu mil, kuma wanda ya gauraya su lissafinsa zai iya kaucewa da fiye da rabi. Bambancin alamun station (tasha) da halt ma ba ɗaya ba ne ko'ina: da halt Bajamushe yana nufin wurin tsayawa da dogo bai rabu biyu ba, Bature ɗan Ingila yana nufin 'yar ƙaramar tasha marar ma'aikata. Kuma shafin ba ya aiki sai da intanet, yana cin data idan ana yawan zuƙowa, a ƙaramar waya kuma jerin ma'anar launuka yana cinye fuskar.

Wanda yake son ya fita da bayanan zuwa fili, ya bi ta overpass-turbo.eu, shafin da ake zaƙulo bayanan OpenStreetMap da shi. A kai taswirar kan yankin, a danna Wizard, a rubuta railway=abandoned or railway=disused, a umarce shi ya nemo. Kada faɗin yankin ya wuce kilomita 50 ko makamancin haka, domin idan ya yi yawa lokacin neman yana ƙarewa kafin amsa ta zo, ko burauza ta daskare. Sai a danna Export a sauke fayil ɗin GPX ko KML, a zuba a manhajar taswira ta waya, ya yi aiki ko babu sabis. Rufaffun tasoshi ba za su fito a wannan neman ba, don yawanci ana rubuta su da disused:railway=station ko abandoned:railway=station. A ƙara neman railway=turntable da railway=water_tower. Faifan juya kan jirgi yana nuna nan ne ƙarshen zango, tankin ruwa kuma yana nuna injin tururi yana tsayawa sha a wurin, kuma sau da yawa rijiya ko madatsar da ke ba tankin ruwa ita ce ainihin abin da ya ajiye garin. Wanda zai buga taswirar a littafi ko maƙala wajibi ne ya ambaci masu ba da gudummawa na OpenStreetMap, sharaɗin lasisin ke nan.

Shekarun kuma sai a nemo su a tsofaffin taswirori. Babban ɗakin karatu na ƙasa na Sikotland ya ɗora na Birtaniya a intanet kyauta, da tsarin da ke jera tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ma tana da nata a topoView. A samo bugu biyu, ɗaya babu layin ɗaya da shi, an killace shekarar ginin tsakanin biyun. Tsohon jadawalin jirage yana ƙara matse tazarar, domin tashar da take cikin jadawalin bana ta ɓace a na baɗi, shekarar rufe ta ga fasinja ke nan. Jirgin kaya kan ci gaba da bi shekaru bayan haka, saboda haka a rubuta ranakun biyu daban.