Sharhina kan faifan ƙungiyar Takács na kiɗan Beethoven

Wannan kwalin faifan CD da kamfanin Decca ya fitar ya haɗa duk kiɗan da Beethoven, shahararren marubucin kiɗa ɗan Jamus, ya rubuta wa masu goge huɗu, wato kwatet, guda 16 har da ƙarin wani kiɗa mai kashi ɗaya da ake kira Grosse Fuge a kai, kuma ƙungiyar Takács ce ta buga su gaba ɗaya. Tun farko in faɗa, kuɗina bai tafi a banza ba, amma ba kowane faifai a cikin kwalin nake komawa kansa ba, akwai waɗanda suka riƙe ni akwai waɗanda na saurara na ajiye.

Ga wanda bai saba ba, mutum huɗu ne kacal, biyu da ƙaramin goge na violin, ɗaya da viola mai ɗan kaurin murya, ɗaya da celo babba da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mawaƙi, ba madugu a gaba yana kaɗa sanda. Ɗalibai ne suka kafa Takács a Budapest a 1975, daga baya suka koma Colorado a Amurka, kuma a wannan ɗaukar Edward Dusinberre ne ke riƙe da goge na farko, András Fejér kuma celo. Abun da ya fi burge ni da su shi ne ba sa barin mai goge na farko ya danne sauran, kana jin kowa da muryarsa, wannan ya fara magana wancan ya karɓe ya juya ta wani ya ƙi yarda, kaman hirar dattawa a zaure inda babu wanda ke ɗaga murya amma kowa na da ta cewa.

Shidan farko, Op. 18 (Op. ita ce lambar da ake ba aikin kiɗa), da aka wallafa a 1801, suna da daɗi amma har yanzu kana jin ƙamshin malaminsa Haydn a ciki, ni dai nakan kunna su ne in ina wani aiki. Daga na Razumovsky ne abun ya fara kama ni, guda uku na 1806 da Razumovsky, jakadan Rasha a Vienna, ya ba da aikinsu, shi ya sa ma aka saka karin waƙar Rashawa a biyun farko. Ku ji yanda celo ke buɗe na farkon, Fejér ya ja shi a sake ba gaggawa. Faifan nan nasu ya ci lambar yabo ta Grammy kuma gaskiya ya cancanta.

Amma dalilin da zai sa in ce mutum ya sayi kwalin nan shi ne guda biyar na ƙarshe. Wani yarima ɗan Rasha, Nikolai Galitzin, ya aiko da wasiƙa a 1822 yana neman kwatet, Beethoven ya rubuta masa uku sannan ya ƙara biyu, duk tsakanin 1824 da 1826, lokacin kurmancinsa ya riga ya yi nisa, abun da yake rubutawa kunnensa ba ya ji. A Op. 132 akwai kashi na uku da ya rubuta bayan ya tashi daga rashin lafiya mai tsanani a 1825, ya kuma rubuta a kansa cewa waƙar godiya ce ga Ubangiji daga wanda ya samu sauƙi. Ya fi minti 15 kuma yana tafiya ne a hankali ƙwarai, in makaɗa suka ja shi da yawa sai ya mutu a hannunsu, in suka yi sauri kuma godiyar ta zube. Takács sun riƙe shi daidai, farkon suna jan baka a miƙe kusan ba karkarwa, sai wurin da ya rubuta cewa yana jin sabon ƙarfi kiɗan ya miƙe yana tsalle-tsalle, sannan ya koma addu'a, sau biyu ana wannan kai da komo. Duk wanda ya taɓa jinya ko ya zauna da mara lafiya zai gane abun da mutumin nan ke faɗa ba sai an fassara masa ba, wallahi ni yana sa ni hawaye.

Op. 131 kuma kashi bakwai ne a jere ba tsayawa, kusan minti 40, don haka kar mutum ya kunna shi a mota ko yana duba waya, ɓata shi kawai zai yi.

Grosse Fuge ne inda za mu iya saɓawa da wasu. Asali shi ne ƙarshen Op. 130, da aka fara buga shi a Maris 1826 mutane suka kasa gane kansa, mai ɗab'i Matthias Artaria ya lallashi Beethoven ya cire shi ya rubuta wani ƙarshe mai sauƙi, wanda ya zama cikakken kiɗa na ƙarshe da ya gama kafin mutuwarsa a 26 ga Maris 1827. Ni na fi son tsarin asali, nakan saita na'ura ta buga Cavatina, wannan kashi mai taushi na Op. 130 da aka saka a faifan zinare na kumbon Voyager a 1977, sai Grosse Fuge ya biyo baya kai tsaye. Takács ba su yi ƙoƙarin gyara masa fuska ba, sun bar shi da kaushinsa, kana jin baka na cizon tsirkiya, kuma haka ya kamata.

Shawara ɗaya, kar a saurare shi ta lasifikar waya, celo da viola ɓacewa suke yi gaba ɗaya sai ka ji kaman goge ɗaya ne ke kuka. A nemi abun kunne mai kyau ko lasifika mai nauyi. Wanda kuma ba zai iya sayen kwalin duka ba, ya fara da faifan na ƙarshen nan, in ya zauna da Op. 132 ya ji ya shige shi sai ya nemi na Razumovsky.