Tsohuwar jif ko sabuwa: wacce ta fi a hanyar daji?

Na daɗe ina tuƙa Land Cruiser 80 mai injin dizal 1HZ kafin na mallaki sabuwar mota mai jan ƙafa huɗu, irin waɗanda suka fito bayan 2020, masu tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) da giya mai canja kanta da allo a gaban direba. Duka biyun na shiga da su yashi da taɓo da hanyar dutse. Abin da zan faɗa ba zai yi wa masu son tsofaffin motoci daɗi ba, amma in dai tuƙi zalla ake magana, sabuwar ta fi, nesa ba kusa ba.

Injin 1HZ silinda shida ne, lita 4.2, ba tobo, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 kuwa injin dizal ɗinta lita 3.3 ne kacal, amma ƙarfinsa ya haura doki 300, ga giya goma. Tawa sabuwar ba ita ba ce, sai dai duk zubinsu ɗaya: ƙaramin inji, ƙarfi ninki biyu. A tsohuwar, in ka cika ta da kaya ka tunkari doguwar hawa, sai ka taka totur har ƙasa ka zauna kana kallon manyan motoci suna matso ka ta madubi. Wuce wata mota a kwalta ma sai da lissafi. A sabuwar ba ka ma tunanin wannan, kuma bayan tafiyar yini guda a gargada kana sauka ba ciwon baya, ba kunne na ƙara.

Inda ta fi ba ni mamaki shi ne kan dutse. Ƙafa ɗaya ta ɗaga sama tana juyawa a banza, sai ka ji wani gurnani daga ƙasa, kwamfuta ta danne wannan ƙafar da birki ta tura ƙarfi ga wadda ke taka ƙasa, motar ta haye kai ko gumi ba ka yi ba. A tsohuwar sai na tsaya, na sa ƙaramar giya, na murɗa makullin aksul, wanda ke sa ƙafar hagu da ta dama su juya tare, na ɗan matsa gaba da baya har fitilarsa ta daina ƙiftawa. Yana aiki, har ma ya fi tabbas in ya kama, amma sai mai sani. Sabuwar tana rufa wa ɗan koyo asiri.

Matsalar tana farawa ne ranar da wani abu ya ɓaci, ga shi ka yi nisa da gari. Wani reshe ya taɓa shiga ƙarƙashin sabuwar ya tsinke siririyar wayar da ke auna juyawar ƙafar baya. Babu ƙarfen da ya karye, mai bai zuba ba, inji na aiki lafiya lau. Amma nan take fitilu suka cika gaban sitiyari, tsarin hana zamewa ya ɗauke, kuma waccan dabarar hawan dutse da nake yabo ta tafi da shi, don da wannan wayar kwamfutar ke gani. Kowace mota ta wannan zamani haka za ta yi. Sai da na kwanta a ƙasa da tocila ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin na gano wurin.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Injin dizal na zamani yana tura mai da matsin da ke kai bar 2,000, wato kusan ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, ta nozul masu ƙofa siririya ƙwarai. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin man ya isa ya lalata famfo da nozul gaba ɗaya, kuma wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Akwai kuma matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke buƙatar gudu mai tsawo da zafi don ta ƙone baƙin da ta tara. Tafiyar daji kuwa rarrafe ce a ƙaramar giya, abin da matatar ba ta so. In ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi ka koma tafiyar hawainiya. Motoci masu amfani da ruwan AdBlue, wanda ake zuba musu don rage gubar hayaƙi, in ya ƙare ka kashe mota, da yawansu ba za su sake tashi ba sai an zuba.

Tsohuwar ba ruwanta da wannan duka. Famfonta na ƙarfe ne, wutar da yake nema ɗan abin da zai buɗe hanyar mai ne kawai. In iska ta shiga, ga ɗan famfon hannu a saman matatar mai, ka danna har ya yi tauri. Tiyon lagireto ya taɓa fashe mini kusa da bakinsa, na yanke wurin da wuƙa, na mayar, na ɗaure, na cika ruwa na ci gaba. Ciwonta a fili yake, kana gani, kana jin warinsa.

Sai dai masu yabon tsofaffi suna manta cewa wannan tiyon tsufa ne ya fasa shi. An fara ƙera 80 a 1990, aka daina wajen 1997, ke nan mafi ƙuruciyarsu ta doshi shekara talatin. Roba ta bushe, wayoyi sun yi tauri, tsatsa na cin ƙasa, giris na tsiyaya daga gwiwar ƙafar gaba. Bel ɗin cikin injin 1HZ in ba a canja shi a kan lokaci ba ya tsinke, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Da yawansu ba su da jakar iska, balle tsarin hana kifewa, alhali kafin ka isa daji sai ka share sa'o'i a kwalta, inda hatsarin gaske yake. Wanda ya sayi tsohuwa da ba a kula da ita ba, ya sayi aiki ne.

Kuma sauƙin gyaran nan na tsofaffin motoci ba mai dawowa ba ne, dokokin hayaƙi sun rufe ƙofar. Land Rover ta daina ƙera tsohuwar Defender a Janairun 2016, wadda ta gaje ta cike take da kwamfuta. Ineos Grenadier da ta fito a 2022 da nufin farfaɗo da tsohon salo, aksul ɗinta na da ne amma injinta na BMW ne na zamani. Hatta Land Cruiser 70, da ake ƙerawa tun 1984, a 2023 an ba ta injin lita 2.8 da giya mai canja kanta.

Ni yanzu sabuwar nake ɗauka in da iyali ne, ko in akwai wata mota a tare da mu. In ni kaɗai ne, ga nisa, ga man da ban yarda da shi ba, tsohuwar nake tayarwa. Mai niyyar shiga daji da sabuwa ya ƙara mata matatar mai ta biyu mai raba ruwa, ya ajiye ƴar na'urar karanta matsalar kwamfuta kusa da sifanoninsa. Ya kuma duba ƙafafun tun wajen saye. Masu inci 20 da siririyar taya ba sa yarda a rage musu iska sosai a yashi, dutse kuma na saurin yanka su, don haka na sauke nawa na sa ƙananan ƙafafu masu taya mai kauri.