Wane Ogan Ya Dace da Ƙungiyar Jazz ta Mutum Uku?

Matashin mai jita da ke shirin fitar da faifansa na farko da ƙaramar ƙungiya, wato jita da ogan (abin kiɗa mai madannai kamar fiyano) da ganga, zai tarar cewa babbar shawarar kashe kuɗi tana kan ogan. Dalili kuwa, a irin wannan ƙungiya babu mai kaɗa bas, wato sautin ƙasa mai kauri. Hannun hagu na mai ogan ne ke tafiyar da layin bas, ƙafarsa na taɓa feda tana ƙara masa nauyi, hannun dama kuma na amsa wa jita. In ogan ɗin bai da ƙarfi a ƙasa, duk ƙwarewar mai jita kiɗan zai fito fayau. Wannan tsari Jimmy Smith ne ya fito da shi sarari tun faya-fayansa na kamfanin Blue Note a 1956, kuma a cikinsa manyan masu jita suka yi wayo: Wes Montgomery da mai ogan Melvin Rhyne, Grant Green da mai ogan Larry Young, George Benson a ƙungiyar mai ogan Jack McDuff.

Ogan ɗin da kowa ke kwaikwayo shi ne Hammond B-3, wanda aka ƙera a Amurka daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1970. Yana da jerin madannai biyu, kowanne 61, da feda 25. A cikinsa akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora, 91 daga cikinsu na ba da sauti, suna juyawa a gaban maganaɗisu. Sandunan ja guda tara, waɗanda ake ja da hannu, kowacce daga 0 zuwa 8, su ke haɗa launin sautin. Saitin da masu jazz suka fi sani, lamba ɗaya ga kowace sanda, shi ne 888000000 a jerin sama, sannan wani abu kamar 838000000 a jerin ƙasa domin bas.

Hammond C-3 da A-100 kayan cikinsu ɗaya ne da na B-3, akwatin ne ya bambanta. A-100 ma yana da lasifikarsa a jiki, kuma sau da yawa ya fi araha saboda sunan B-3 ne ke tsada. Waɗanda za a guje wa su ne ƙanana irin M-3 da L-100. Madannansu 44 ne, ba sa kaiwa can ƙasa inda bas yake, don haka ko an ba ka a banza ba za su yi wannan aikin ba.

To amma kafin ka biya kuɗin tsohon Hammond, duba farantin da ke bayansa ka ga wutar da aka yi shi dominta. Nan ne mutane ke asara. Injin da ke juya faya-fayan yana bin bugun wutar lantarki ne kai tsaye. Na Amurka an yi shi ne don bolt 110 zuwa 120 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar Najeriya da Nijar, kamar ta Turai, bolt 220 zuwa 230 ce da bugu 50. Taransifoma za ta gyara maka bolt, amma ba ruwanta da bugu. Sakamakon haka ogan zai sauka da kusan madannai uku: ka danna C ka ji abin da ya ɗan gaza A. Maganinsa ko dai ka nemo wanda aka ƙera don Turai, ko ka sa na'urar da ke mayar da bugu 50 zuwa 60. Ƙaramin janareta kuwa ya fi muni, domin duk lokacin da ya yi nishi sautin ogan zai bi shi sama da ƙasa, jita kuma tana nan inda aka ɗaure ta. Sai da inbata mai tsaftatacciyar wuta ake samun kwanciyar hankali.

In za ka gwada na hannu, fara da tayarwa. Ana riƙe makunnin farko kamar daƙiƙa takwas, a kunna na biyu, a ci gaba da riƙe na farkon kamar daƙiƙa huɗu sannan a saki. Idan ya yi ƙara kamar ana goga ƙarfe, ya daɗe bai sha mai ba. Sau ɗaya a shekara ake zuba masa mai mara kauri na musamman, wanda zaren auduga ke kaiwa ga kowane gindin juyi, kuma man mota toshe zaren yake yi. Daga nan ka ja sanda ɗaya tak, ka bi madannai 61 ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da ita ka ja ta gaba. Aikin na cin lokaci, amma shi kaɗai ke nuna sautin da ya mutu. Waɗanda aka ƙera daga wajen tsakiyar shekarun 1960 suna da wani soso a cikin jerin madannai da ke narkewa ya cinye siraran wayoyi, gyaransa kuma wahala ce. Tambayi mai sayarwa ko an cire shi. Ka kuma tuna nauyi: da benci da feda ya haura kilo 190, ga lasifikar Leslie da ita ma ta wuce kilo 60.

Leslie ɗin rabin sautin ce. Ƙaho ne ke juyawa a sama, ganga mai juyawa a ƙarƙashin lasifika mai inci 15, an raba sautin a bugu 800, da ampilifaya mai bawul ta wat 40. Samfurin 122 da 147 a ido iri ɗaya ne, soket ɗinsu duk mai fil shida, amma haɗin wayarsu ya sha bamban, kuma wutar gida na bi ta cikin wannan kebul. Kuskuren haɗa su na iya ƙona kaya.

Zaɓi na biyu shi ne ogan na zamani mai kwaikwayon B-3 da kwamfuta. Akwai Nord na Suwidin, Crumar Mojo da Viscount Legend na Italiya, da Hammond na yanzu irin XK-5 da jerin SK, wanda kamfanin Suzuki na Japan ke yi. Masu jeri biyu yawanci ba sa wuce abin da mutum ɗaya zai ɗauka, ba sa shan mai, sautinsu kuma bai dogara da bugun wuta ba. A ganinmu wannan ne ya fi dacewa da mafi yawan ƙungiyoyin da ke yawon wasa. Abubuwan dubawa su ne sandunan ja na gaske da hannu zai kama, madannai masu santsin baki waɗanda tafin hannu zai zame a kai ba tare da yanka ba, da mafitar Leslie mai fil 11 ko da ba yau za ka saye ta ba. Mai jeri ɗaya ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, ana raba shi biyu, hagu bas dama waƙa, sai dai mai ogan zai riƙa cin karo da iyakar rabon a tsakiyar kiɗa. Wanda ya saba da jeri biyu ba ya son sa.

Manhajar kwamfuta irin VB3 ko B-3X ta wadatar don gwaji a gida da shirya waƙoƙi, amma a dandali tana ƙara abubuwan da za su iya tsayawa.

Inda masu sayen na zamani suka fi yin kuskure shi ne lasifika. Su kashe kuɗi a kan ogan, sannan su jona shi a ampilifayar jita, bas ɗin ya yi ta kakari har ya yaga takardar lasifikar. Yana buƙatar lasifika biyu masu ƙarfin kansu, inci 12 ko 15, domin juyin Leslie na kwaikwayo ba ya fitowa sosai ta lasifika ɗaya. Idan juyin kwaikwayon da ke cikin ogan bai gamsar ba, ƙaramin akwatin Neo Ventilator na Jamus yana cike gurbin.

Ranar ɗaukar faifai kuwa lissafin daban ne. In akwai situdiyo mai B-3 da Leslie da ake kula da su, hayar kwana biyu ta fi saye hankali. A sa makirfo biyu a ƙahon sama, ɗaya a ƙasa nesa kaɗan don kada iskar juyin ta buge shi, a kuma ɗauki bas ɗin kai tsaye ta waya a layi na daban. Mai jita ya rage sautin ƙasa a ampilifayarsa, ya bar kaɗa manyan tsirkiyoyi biyu masu sautin ƙasa lokacin rakiya, domin wannan filin na hannun hagun mai ogan ne.